Likita ya ce mu kai 'yata wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara: me ake yi a asibitin kuɗi?

Maman Hanifa, Kano

Assalamu alaikum warahmatullah. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na ce uffan ba, sai yau larura ta sa ni magana. Ina da 'ya mai shekara 14 da ke aji uku na ƙaramar sakandare a wata makarantar kwana. Tun da ta dawo hutun zango na biyu, wata uku ke nan, yarinyar ta sauya mana gaba ɗaya. Ba ta cin abinci sai an tsaya a kanta, ba ta runtsawa sai gab da asuba, ta daina zuwa islamiyyar da a da ita take tattara ƙannenta su tafi, kuma abu kaɗan ne zai sa ta fashe da kuka ko ta hau ƙannen nata da faɗa. Da hutu ya ƙare ta ce ita ba za ta koma makaranta ba, kuma duk yadda muka yi da ita ta ƙi faɗin dalili. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro har sau biyu, an yi na taifod, kakarta ta sa an yi mata ruƙiyya, amma har yanzu jiya i yau.

Makon da ya wuce likitan da ke duba yaranmu tun suna jarirai ya ce bai ga wani ciwo a jikinta ba, ya ba mu shawarar mu kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa da ya saba da yara da matasa. Da Abbansu ya ji haka sai ya ce shi 'yarsa ba mahaukaciya ba ce. Daga baya ya sauko, amma da sharaɗin ba za a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati da ke Dawanau ba, don kada wani ya gan mu a can, maganar ta yi ta bin yarinya har lokacin aurenta. Saboda haka muke tunanin asibitin kuɗi.

Abin da nake roƙo shi ne wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini abin da zan tarar. Me ake yi a ganin farko? Za su kwantar da ita ne, ko za su yi mata allurar nan da ake cewa tana sandarar da mutum? Idan ta fara shan magani, shi ke nan har ƙarshen rayuwarta? Za su sanar da makarantarsu? Kuma yaya zan gane likitan na gaske ne, tunda yanzu kowane lungu akwai asibiti?

Sista Mai Ritaya, Kaduna

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri da ba ki zauna jiran abin ya wuce da kansa ba. Na yi shekaru masu yawa ina aikin jinya a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa kafin in yi ritaya, kuma tambayoyin nan naki su ne kusan kowace uwa take shigowa da su a bakinta.

Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne ganin farko kusan duk magana ce. Mu mun saba a shiga wurin likita, a faɗi inda ke ciwo, ya rubuta magani a fito cikin minti biyar. A nan kuwa ki shirya zaman awa ɗaya, wani lokaci har da rabi, kuma ba abin mamaki ba ne ku tashi ba a rubuta ko ƙwaya ɗaya ba. Bayan an buɗe mata kati, an auna nauyinta da tsayinta da hawan jininta, likita zai zaunar da ku tare ya ji abin da ya kawo ku, sannan ya koma baya tun daga cikinta. Zai tambayi yadda kika yi goyon cikin, ko haihuwar ta zo da gardama, ko ta yi kuka da aka haife ta, ko ta yi shawara tana jaririya, wata nawa ta zauna, yaushe ta yi tafiya, yaushe ta fara magana, ko ta taɓa yin jijjiga lokacin zazzaɓi, ko ta taɓa buguwa a ka, ko tana da sikila. Zai tambayi al'adarta. Zai tambayi zaman gidanku, wa da wa ke ciki, ko an yi rasuwa kwanan nan, ko an yi amarya, ko an yi saki, ko kuma akwai wanda ya taɓa yin irin wannan larura a danginki ko a dangin mahaifinta. Wannan ta ƙarshen ita iyaye suka fi ɓoyewa, domin kowane ɓangare yana tsoron a ce daga wurinsu abin ya fito. Ba don rabon laifi ake tambaya ba. Amsar tana sauya irin maganin da likita zai zaɓa da irin abin da zai sa wa ido, saboda haka ki faɗi gaskiya ko da a keɓe ne, bayan mahaifinta ya fita.

Ki tafi da katin rigakafinta idan yana nan, da sakamakon makarantarta na zango uku ko huɗu da suka wuce, domin sau da yawa a cikin takardun nan ake ganin lokacin da abin ya fara tun kafin a lura a gida. Ki kwashi duk magungunan da ta sha a cikin kwalayensu, har da jiƙe-jiƙe da na gargajiya, babu likitan kirki da zai yi miki faɗa a kan haka. Ki kuma zauna tun a gida ki rubuta a takarda abin da kika gani da lokacin da kika gan shi, domin gaban likita uwa takan manta rabin abin da ta zo da shi.

Sai kuma wurin da iyaye da yawa suke ɓata rai, wato lokacin da likita zai ce ku ɗan ba su wuri ya gana da yarinyar ita kaɗai. Ƙanwata, kada ki hana. Yarinyar da muka tarbiyyantar da kunya ba za ta ɗaga kai gaban mahaifinta ta ce wata siniya tana azabtar da ita a ɗakin kwana ba, ko wani babba ya taɓa ta inda bai kamata ba, ko wani yana yi mata barazana ta waya, ko ita ma kanta ba ta san me ke damunta ba sai dai ta ji duniyar ta ishe ta. Na ga yaran da suka yi wata shida bakinsu a rufe, suka buɗe shi cikin minti goma bayan iyaye sun fita. Idan likitan namiji ne, haƙƙinki ne ki nemi ma'aikaciyar jinya ta zauna a ɗakin, kuma wurin da ya san aikinsa ba sai kin nema ba. Likita zai shaida wa yarinyar cewa abin da ta faɗa sirri ne, amma sirrin yana da iyaka, domin idan rayuwarta tana cikin haɗari ko wani yana cutar da ita, dole ne ya sanar da ku. Zai kuma tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin mutuwa ko kashe kanta. Na san jin wannan yana da nauyi, amma binciken da aka yi a kan haka ya nuna cewa tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuwa sau da yawa yakan ji sanyi da aka tambaye shi.

Game da gwaje-gwaje, ki sani cewa babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ciwon damuwa. Idan an sa ku gwaji, ana yi ne don a kawar da abin da ke kama da shi, kamar ƙarancin jini ko matsalar ƙullutun nan na wuya da ke kawo maƙoƙo. Awon EEG, wanda ake manna wa mutum wayoyi a ka, na wanda ake zargin farfaɗiya ne, har da irin wadda yaro ke ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu yana zaune, malamai su ɗauka wasa ne. Idan aka fara jero miki hotuna masu tsada tun kafin a saurare ku, ki tambayi me ake nema da kowane ɗaya.

Kwantarwa kuwa ba ita ce ƙa'ida ba. Ana kwantar da yaro ne idan ya yi yunƙurin halaka kansa ko ana tsoron zai yi, ko ya ƙi ci da sha har jikinsa ya fara gazawa, ko ya rikice har ba a iya tsare shi a gida. Allurar da kike tsoro ta irin wannan rikicewar ce, ba ta yarinyar da ke zaune shiru tana kuka ba. Wasu asibitocin kuɗi na irin wannan fanni ma ba su da gadon kwantar da yara, a zo a gani a tafi ne, shi ya sa yana da kyau ki tambaya tun ranar farko ina za ku nufa idan wani abu ya taso da tsakar dare.

Ba zan sa wa 'yarki sunan ciwo daga nan ba, wannan aikin wanda ya gan ta ne, kuma shi ma yana iya ɗaukar zuwa biyu ko uku kafin ya yanke. Sai dai abin da kika zayyana ba baƙo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma a matasa ciwon damuwa yakan zo da yawan fushi da faɗa, ba da baƙin ciki kaɗai ba. Abin da kuɗinku zai saya muku a asibitin kuɗi shi ne lokaci, da sirri, da ganin likita ɗaya a kowane zuwa. Ilimin da maganin duk ɗaya ne da na asibitin gwamnati.

Abban Sadik, Zariya

Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Sista ta faɗi yadda abin ya kamata ya kasance, ni kuma zan faɗi yadda na tarar da shi, domin kuɗin ma ba kullum yake sayen lokacin da ta ambata ba.

Ɗana yana da shekara tara yanzu. Tun yana aji ɗaya na firamare ake kirana makaranta, ba ya zama a kujera, ba ya gama aiki, yana amsa tambayar da ba a gama yi ba, yana ɓatar da littafi duk mako. An dake shi a boko, an dake shi a islamiyya, ni ma na dake shi a gida, Allah ya yafe mini, har sunansa ya koma mara ji. Wurin da muka fara zuwa wani asibitin kuɗi ne da allonsa ya lissafa kusan kowace cuta. Likitan bai yi minti goma sha biyar da mu ba, bai yi wa yaron magana ko sau ɗaya ba, ya rubuta magani kala uku. Yaro ya koma barci dare da rana, yana dalalar da yawu, malaminsa har yana yi mini barka wai ya natsu. Mahaifiyarsa ce ta ce wannan ba natsuwa ba ce, an kashe masa jiki ne. Daga baya na gano likitan ba na ƙwaƙwalwa ba ne sam.

Saboda haka amsar tambayarki ta ƙarshe ita ce ki tambaya, kuma kada kunya ta hana ki. Kowane likita a Najeriya dole ne ya yi rajista da Hukumar Kula da Likitoci ta ƙasa, MDCN, yana kuma sabunta lasisinsa duk shekara, amma wannan bai mai da shi likitan ƙwaƙwalwa ba. Wanda ya ƙware sai ya ƙara shekaru yana horo a asibitin koyarwa ko asibitin ƙwaƙwalwa bayan digirinsa, ya kuma ci jarrabawar Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma. Irin waɗannan ba su da yawa. Ƙungiyarsu ta sha bayyana cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, waɗanda suka keɓanta da yara kuwa 'yan tsiraru ne a cikinsu, ko da yake akwai cibiyar horar da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne mai yiwuwa wanda za ku samu likitan ƙwaƙwalwa ne na kowa da kowa da ya saba ganin yara, kuma hakan ba laifi ba ne idan ya faɗa miki gaskiya. Sau da yawa ma shi ne dai wanda ke aiki a asibitin koyarwa da safe, yake zuwa asibitin kuɗi da yamma ko ranar Asabar. Ki tambayi likitan yaranku ya ba ki sunan mutum, ba sunan asibiti ba, ya kuma rubuta muku takardar turawa.

Likita na biyu sai da ya gan mu sau uku kafin ya ce komai. Ya tura mu aka gwada idon yaron da kunnensa. Ya ba ni wata takarda mai tambayoyi 25 na cika ɗaya, malamin ajinsa ya cika ɗaya, domin a cewarsa larurar rashin natsuwa da gaza tattara hankali, wadda suke taƙaita sunanta da ADHD, ba a tabbatar da ita sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata shida, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya. Yaron da ke ƙiriniya a gida kaɗai wani labari ne daban. Abin da ban zata ba shi ne rabin aikin a kaina da mahaifiyarsa aka yi shi. An koya mana yadda za mu riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, yadda za mu yaba masa nan take idan ya yi daidai, da yadda za mu hukunta shi ba da bulala ba. Daga baya aka sa shi a kan Ritalin, wanda magani ne da hukuma ke sa wa ido sosai, ba a sayar da shi sai da takardar likita, kuma akwai watannin da na zaga kantunan magani da yawa kafin in samu. Yana rage masa cin abinci, shi ya sa duk zuwa sai an auna nauyinsa da tsayinsa.

Maganar kuɗi, kada ki yi lissafi da kuɗin ganin farko kaɗai. Komawar ce take cin aljihu. Idan aka haɗa ku da masanin halayyar ɗan Adam don zaman tattaunawa, kuɗinsa daban ne, kuma zaman ba ɗaya ba ne, ana iya yin mako-mako har wata biyu ko uku. Takardar rahoto zuwa makaranta ma wasu sukan caje ta. Idan maigidan yana cikin tsarin inshorar lafiya na NHIA, ya bincika tun kafin ku je ko asibitin yana karɓa da kuma abin da tsarin ya ɗauke. Mu bayan shekara ɗaya likitan da kansa ya ba ni shawarar mu koma ganinsa a asibitin gwamnati, tunda abin ya daidaita, kuma abin da na tarar a layin nan malaman jami'a ne da 'yan kasuwa da matan aure da 'ya'yansu, kowa yana ta kansa. Ki isar da wannan ga Abban Hanifa daga ɗan'uwansa uba.

Makaranta kuwa likita ba zai rubuta musu ba sai da izininku. Ni dai a ganina ɓoye musu gaba ɗaya kuskure ne, musamman tunda daga makarantar yarinyar ta dawo a haka. Ku zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, a gaya masa iyakar abin da aiki ke buƙata.

Malam Famasis, Katsina

Hajiya, ni harhaɗa magunguna ne aikina, don haka zan tsaya a kan tambayarki ta magani. Idan likita ya tabbatar da ciwon damuwa ne kuma bai yi tsanani ba, abin da ƙa'idojin aiki suka tanada shi ne a fara da zaman tattaunawa, inda ake koya wa yarinya gane tunanin da ke danne ta da yadda za ta koma harkokinta sannu a hankali. Idan ya yi nauyi sai a haɗa da ƙwaya. Wadda aka fi samun hujja a kanta ga masu ƙasa da shekara 18 ita ce fuloksetin, wadda aka fi sani da sunan kasuwa Prozac, ana sha sau ɗaya a rana, yawanci da safe, kuma da kaɗan ake farawa.

Maganin ba farasitamol ba ne da za a sha a ga aikinsa cikin awa ɗaya. Yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga sauƙi sosai, alhali tashin zuciya da ciwon kai da rashin barci suna iya riga sauƙin zuwa, a nan ne iyaye da yawa suke yanke ƙauna su ajiye shi. Akwai kuma gargaɗin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a kan irin waɗannan magunguna tun 2004, cewa a makonnin farko wasu yara da matasa kan sami ƙaruwar tunanin cutar da kansu. Ba a ce kada a sha ba, an ce a sa ido. Saboda haka likitan da ya fara wa 'yarki wannan magani ya ce ku dawo bayan wata uku bai yi daidai ba, kamata ya yi ya gan ta ko ya ji daga gare ku kusan duk mako a watan farko. Idan kika ga ta kasa zama wuri ɗaya, ko ta daina barci gaba ɗaya, ko tana maganar mutuwa, ki kira shi a ranar.

Ba har ƙarshen rayuwa ba ne. Abin da aka saba shi ne a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan ta warware, sannan likita ya riƙa ragewa har a daina. Ba ya sa maye, ba kuma irin tiramadol ko kodin ba ne da jiki ke ƙwallafa wa rai, amma yanke shi rana ɗaya yana iya kawo jiri da rashin sukuni, ciwon kuma ya dawo. Wanda ke kama jiki shi ne irin su Valium da wasu masu kemis ke miƙa wa duk wanda ya ce ba ya barci, don Allah kada a saya mata. Idan aka rubuta mata Epilim, wani maganin farfaɗiya, saboda wani dalili, ki tambayi likita dalla-dalla, domin maganin yana illa ga ɗan da ke ciki, shi ya sa ake taka-tsantsan da shi ga 'ya'ya mata. Ki riƙe maganin a hannunki, ke za ki riƙa ba ta, ki saya a kantin da ke da famasis mai rajista, ki duba lambar NAFDAC. Idan azumi ya zo likita yana iya mayar da shan zuwa sahur, ba sai an ajiye ba.

Malam na Islamiyya, Gusau

Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Ni abin da zan ƙara kaɗan ne, kuma a kan kakarta ne. Kada a sa tsohuwa ta ji kamar an watsar da addu'arta an koma wa boko, domin idan ta ji haka ita ce za ta fara cewa a daina maganin. Neman magani umarni ne a addini, addu'a da karatun Alƙur'ani kuma ba sa karo da zuwa asibiti, ana yin wannan ana yin wancan. Abin da nake ja wa iyaye kunne a kai shi ne duk inda za a ce sai an daki yarinya, ko an ɗaure ta, ko an turara mata hayaƙi har ta shiɗe don wai aljani ya fita, ko a ce a bar ta ta kwana wurin wani namiji ba muharraminta ba. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, har da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, sannan aka sake samun irinsa a Daura, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, saboda ba su san inda za su nufa ba. Idan hali ya yi, ku tafi da kakar ganin likitan ko sau ɗaya, ta ji da kunnenta.

Maman Hanifa, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Abbansu jawabin Abban Sadik, ya yi shiru, daga baya ya ce in karɓo takardar turawar. Sista, sauran abu ɗaya. Har yanzu ban gaya wa yarinyar inda za mu je ba. Ƙanwata ta ce in ce mata gwajin taifod za a sake, sai ta gan ta a can kawai. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma ina tsoron idan na faɗa mata gaskiya ta ƙi zuwa, ko ta ɗauka mun yanke cewa ta haukace. An ba mu rana sai nan da kwana goma, kuma shekaranjiya na ji ta tana ce wa ƙanwarta da ma ba a haife ta ba.

Sista Mai Ritaya, Kaduna

Ƙanwata, kada ki yaudare ta. Yarinyar da aka kawo da dabara takan shiga ɗakin likita da fushin iyayenta, ta ƙi cewa komai, kuɗinku da awarku su tafi a banza, ke kuma ta daina yarda da ke a lokacin da ta fi buƙatar wanda za ta yarda da shi. Ki same ta ku biyu kaɗai, ba gaban ƙannenta ba, ki ce kin ga ba ta barci, ba ta cin abinci, kin san tana cikin wahala, kuma akwai likitan da aikinsa shi ne taimakon matasa masu irin wannan nauyin zuciya. Ki gaya mata ba laifi ta yi ba, ba za a bar ta a can ba, za ta sami damar magana ba kowa a wurin, kuma ba za a tilasta mata komawa makarantar nan kafin a ji ta bakinta ba. Wannan na ƙarshen sai kin daidaita da mahaifinta kafin ki furta, don kada alkawari ya tashi. Idan maganar sirri ce take damunta, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a tsare masa sirrinsa, a asibitin kuɗi ne ko na gwamnati.

Amma maganar da kika ji ta gaya wa ƙanwarta ta sauya lissafin kwana goman nan. Gobe da safe ki kira asibitin, ki maimaita musu kalmomin yadda kika ji su, ki nemi a matso da ranar. Yau da daddare ki kwashe duk magungunan gidan, da fiya-fiya, da shinkafar ɓera, da reza, ki kulle su inda ke kaɗai ke da makulli, ki dawo da ita ɗakinki ta riƙa kwana kusa da ke, kada kuma a bar ta ita kaɗai a gida. Ki tambaye ta da kanki, cikin taushin murya, ko tana tunanin yi wa kanta wani abu. Idan ta ce e, ko ta ambaci hanya, ko kika tarar ta tanadi wani abu, kada ku jira asibitin kuɗi ya buɗe, ku ɗauke ta a wannan lokacin zuwa sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Dawanau ɗin, duk wanda ya fi kusa da ku. Ki dawo ki sanar da mu yadda kuka yi da su a wayar.